Yadda Ake Bin Sawun Aikatau a Turancin Dā: Darasi Daga "Sterven"

Duk ɗalibin da ya ɗauki kwas ɗin tarihin harshen Ingilishi, a Bayero ne ko a Zariya ko a Sakkwato, akwai ranar da malami zai ajiye masa baitin Geoffrey Chaucer, tsohon mawaƙin Ingila, ya ce fassara. Kalmar da bai taɓa gani ba da sauƙi, don dole ta tura shi ƙamus. Wadda ke kayar da shi ita ce wadda ya ɗauka ya sani.

Ga misali. A cikin littafin Chaucer mai suna The Canterbury Tales akwai labarin wasu samari uku da suka tsinci zinariya a gindin bishiya. Biyu suka haɗa baki suka kashe na ukun, sannan suka zauna suka sha giyar da ya kawo, ba su san ya riga ya zuba mata guba ba. Chaucer ya ce "they storven bothe two". Wanda ya hango starve a cikin storven zai rubuta cewa yunwa ta kashe su, alhali ga burodi da abin sha a gabansu. Abin da baitin ya ce kawai shi ne su biyun duka suka mutu. A zamanin Chaucer sterven na nufin mutuwa, ko da me ta zo.

Da wannan aikatau za mu bi hanyar daga farko zuwa ƙarshe. Matakan za su yi maka aiki a kan kowane aikatau na wancan zamani.

Mataki na farko: san zamanin rubutun da garin da ya fito

Masana sun raba Turancin dā gida biyu. Akwai Old English, Turancin Anglo-Saxon, wato ƙabilun da suka ƙaura daga arewacin Turai suka zauna a Ingila, daga wajen shekarar 450 zuwa kusan 1100. Sai Middle English, daga kusan 1100 zuwa 1500. Abin da ya shiga tsakaninsu shi ne mamayar da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066, wadda ta mai da Faransanci harshen fada da na kotu. Chaucer ya rasu a 1400, ke nan yana cikin gida na biyu. Wannan rabon shi zai gaya maka ƙamus ɗin da za ka buɗe.

Garin ma yana da muhimmanci. A lokacin babu daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, kowane mai kwafa yana rubuta kalma ne yadda ake faɗinta a yankinsu. Injin ɗab'i bai iso Ingila ba sai 1476, lokacin da William Caxton ya kafa nasa a Westminster. Don haka ka rubuta a saman takardarka: shekara kaza, yanki kaza, kafin ka taɓa kalmar.

Mataki na biyu: karanta haruffan yadda mai rubutun ya nufa

Haruffan þ da ð duka suna tsaye ne a madadin th na yau. Harafin æ wasali ne tsakanin a da e. Waɗannan ana saurin sabawa da su. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne u da v, domin a wancan zamani harafi ɗaya ne mai siffa biyu: ana sa v a farkon kalma, u kuma a tsakiya, ko baƙi ake nufi ko wasali. In ka ga sturuen, karanta sturven. In ka ga sterue, sterve ce.

A Turancin Anglo-Saxon kuma babu v sam a rubuce. Harafin f ne ke ɗaukar aikinta idan ya faɗo a tsakiyar kalma tsakanin sautuka masu ziza. Steorfan, kakar kalmarmu, da sautin v ake furta ta. Wanda bai san haka ba zai zaci an sami sauyin sauti daga f zuwa v, alhali rubutu ne kawai ya sauya.

Mataki na uku: mai da aikatau zuwa siffar da ƙamus ya san shi da ita

Nan ne mafi yawan masu farawa suke ɓata. Ka shiga ƙamus ka nemi storven ko starf, ba lallai ka same su a matsayin kan kalma ba, domin rassa ne. Sai ka san itacen da suka fito.

Aikatau na dangin harsunan Jamusawa, wanda Turanci ke cikinsa, iri biyu ne. Akwai waɗanda ke nuna shuɗaɗɗen lokaci da ɗafa-ƙeya, irin su love da loved, nahawu yana ce musu raunana. Akwai waɗanda ke sauya wasalin cikinsu, irin su sing, sang, sung, ana ce musu ƙarfafa. A yau starve rarrauna ne, starved ake cewa. A dā ƙaƙƙarfa ne, kuma yana da siffofi huɗu da ya kamata ka rubuta a jere:

steorfan, mutuwa, stearf, ya mutu, sturfon, sun mutu, storfen, matacce.

Lura da cewa tilo da jam'i a shuɗaɗɗen lokaci ba wasali ɗaya suke da shi ba, abin da Turancin yau ya watsar in ban da was da were. A zamanin Chaucer jerin ya koma sterven, starf, storven, sai ystorve. Wannan y da ke gaba ragowar ɗafa-goshin ge ne na Anglo-Saxon, irin wanda Jamusanci ke amfani da shi har gobe. Wasu masu kwafa i suke sawa. Idan ka ci karo da kalma mai fara da y ko i wadda ba ka gane ba, cire shi ka sake dubawa.

Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce neman wani aikatau na ajin da kalmarka take, wanda ka fi sani, ka jera su kafaɗa da kafaɗa. Abokin ajin steorfan shi ne ceorfan, yanka ko sassaƙa: ceorfan, cearf, curfon, corfen. Shi ne ya zama kerven, daga baya carve. Chaucer da kansa ya ce da wani saurayi "carf", wato ya yanka nama a gaban mahaifinsa a teburi. Carf da starf, carve da starve: tafiyarsu ɗaya tun daga tushe. Da ka ga wannan jerin, ba za ka ƙara tsayawa kana tunanin ko starf wata kalma ce dabam ba.

Mataki na huɗu: buɗe ƙamus ɗin zamanin

Na Middle English shi ne Middle English Dictionary na Jami'ar Michigan a Amurka. An fara buga shi a 1952, aka kammala a 2001, kuma yana kan intanet kyauta. Kan kalmar da za ka nema shi ne sterven. Akwai zaɓin nema da ke haɗawa da sauran rubuce-rubucen kalma, shi za ka danna idan ba ka tabbatar da siffar ƙamus ba. Na Anglo-Saxon shi ne na Bosworth da Toller, wanda ya fito a 1898 aka yi masa ƙari a 1921, shi ma yana kan intanet. Oxford English Dictionary shi ke haɗa maka zaren daga dā zuwa yau, sai dai na kuɗi ne, sai ka bi ta ɗakin karatun jami'a in suna da rajista. Ka tuna kuma tsarinsa na asali ya bar kalmomin da suka mutu kafin 1150, saboda haka ba zai maye gurbin Bosworth ba.

Abu ɗaya game da kwanan wata a ƙamus ɗin Michigan. Sau da yawa za ka ga shekara biyu a gaban misali. Ta farko ta kundin da ya iso hannunmu ce, ta cikin baka kuma ta lokacin da aka tsara aikin. Harafin c na nufin wajen shekara kaza, a na nufin kafin ta. Tazarar na iya kai shekaru da yawa, kuma mai kwafa na iya sauya kalmar da ya ga ta tsufa.

Shafukan asalin kalmomi da ke fitowa a saman Google ba laifi don leƙawa, amma suna ba ka sakamako ne ba hujja ba. Hujjar tana cikin misalan.

Mataki na biyar: jera misalai bisa shekaru, ka dubi maƙwabtan kalmar

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma shi mutane ke tsallakewa. Ƙamus zai jera maka ma'anoni da lamba, ɗaya, biyu, uku, sai ka ji kamar an gama. Bar jerin, sauka ƙasa inda aka zuba jimlolin. Ɗauki takarda ka ja layi uku: shekara, wa ya mutu, me ya kashe shi.

Tun a 1014, Wulfstan, babban limamin cocin York, ya yi wata huɗuba yana lissafa bala'o'in da suka auka wa Ingila a zamanin hare-haren mutanen Denmark. A ciki akwai sunan steorfa, wanda ke nufin annoba, mutuwa mai share jama'a. Babu yunwa a jikin kalmar.

Sai kundin tarihin Peterborough, wanda 'yan zuhudun wannan garin suka rubuta bisa jerin shekaru har zuwa 1154, yanzu yana ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. A ƙarƙashin 1124, zamanin Sarki Henry na Ɗaya, marubucin ya koka cewa mai ɗan abin hannu an ƙwace masa da haraji da shari'a mai tsanani, wanda ba shi da komai kuwa "stærf of hungor". A ƙarƙashin 1137, yana ba da labarin yaƙin basasar zamanin Sarki Stephen, ya ce hatsi ya yi tsada, da nama da cuku da man shanu, sannan ya ce "wrecce men sturuen of hungær", talakawa suka mutu da yunwa. Wannan sashen an rubuta shi ne a ƙarshen mulkin Stephen, wajen 1154, ba a 1137 ba, don haka a layin shekara abin da za ka sa ke nan.

Dubi jimlolin nan biyu da kyau. Ga yunwa ta bayyana, amma sai da marubucin ya ambace ta da sunanta. Da aikatau ɗin na ɗauke da ita a cikinsa, da bai buƙaci "of hungær" ba. Wannan ita ce ƙa'idar da za ka riƙe: muddin marubuta na ƙara wa aikatau bayanin dalili, to dalilin bai shiga cikin ma'anarsa ba tukuna.

Tsallaka shekara ɗari biyu da wani abu zuwa Chaucer. A labarin jarumi na The Canterbury Tales, inda ake siffanta zanen bangon ɗakin gunkin yaƙi, akwai "a thousand slayn, and nat of qualm ystorve": mutum dubu da aka kashe, ba annoba ce ta ɗauke su ba. A ƙarshen Troilus and Criseyde, wanda ya tsara wajen 1385, yana magana a kan Almasihu bisa aƙidar Kirista, ya ce "first starf, and roos", wato ya mutu sannan ya tashi. Ga kuma samarin nan masu guba. A waƙoƙin soyayya na zamanin, masoyi kan yi barazanar zai sterve idan ba a kula shi ba.

Yanzu dubi layinka na uku: yunwa, yunwa, annoba, gicciye, guba, bege. Ma'anar a buɗe take har ƙarshen ƙarni na 14. Amma in ka ci gaba da tara misalai za ka ga aikatau ɗin na yawan faɗawa kan mutuwa mai ja, wadda mutum ke lalacewa a hankali, kuma abokan tafiyarsa biyu da suka fi nacewa su ne yunwa da sanyi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A ƙarni na 16 an kai inda za a ce starve kawai mai sauraro ya ji yunwa ba tare da an ambace ta ba.

A nan akwai wani tarko mai daɗin faɗawa. Daga 1315 zuwa 1317 an yi babbar yunwa a arewacin Turai, ruwan sama ya lalata amfanin gona shekara a kan shekara. Da sauƙi mutum ya ce ai wannan ce ta manna wa kalmar ma'anar yunwa. Takardarka za ta ƙaryata shi ta gefe biyu: haɗin kalmar da yunwa ya girmi wannan fari da kusan shekara 190, ma'anar mutuwa zalla kuma ta rayu shekara 70 bayansa a bakin Chaucer. Duk bayanin da ya rataya sauyin ma'ana a kan aukuwa ɗaya, gwada shi da shekarun misalanka kafin ka karɓa.

Mataki na shida: nemo kishiyoyinsa

Kalma ba ta ƙuntata haka kawai, sai in wata ta zo ta karɓe mata fili. Tambayi kanka: da wace kalma kuma ake cewa mutum ya mutu a lokacin?

Anglo-Saxon na da su da yawa. Sweltan ta fi steorfan yawa a rubuce. Akwai cwelan. Akwai forðferan, wadda kundin tarihi ke amfani da ita ga sarakuna da manyan limamai, ma'anarta ya yi gaba, kusan yadda muke cewa wane ya riga mu gidan gaskiya. Sai kuma baƙuwa, deyen, die ta yau, wadda ta fara bayyana a rubuce a ƙarni na 12. Mafi yawan masana na ganin daga deyja ta tsohon harshen Sikandinebiya ta fito, harshen mayaƙan da suka shigo da babbar runduna a 865, suka kama York a 866, suka zauna a gabas da arewacin Ingila. Ta yi daidai da dead da death da Turanci ke da su tun asali, wannan ya ba ta gindin zama.

Da die ta mamaye tsakiyar fili, sauran suka koma gefe. Cwelan ta ɓace, ko da yake 'yar'uwarta cwellan, kashewa, ta rayu a matsayin quell. Sweltan ta zama swelten, mutuwa ko suma, daga ita aka sami swelter, jigata da zafi. Sterven ta tafi wajen yunwa da sanyi. Ba za ka fahimci tafiyar ɗayansu ba in ka ware ta ita kaɗai.

Mataki na bakwai: duba danginsa a ƙetare, ka tabbatar sautukan sun bi doka

Jamusanci na da sterben, starb, gestorben. Harshen Holan na da sterven. Dukansu har yau mutuwa suke nufi, ba ruwansu da yunwa. Ajiye starb da gestorben kusa da starf da ystorve ka ga yadda suka haɗu har a wasulansu. Wannan shaida ce mai zaman kanta cewa mutuwa ce ma'anar asali, Turanci ne ya kauce.

Kama a fuska ba ta isa hujjar dangantaka ba, sai kowane sauti ya sami bayani. Wasalin asali e ne, kamar yadda Jamusanci ya riƙe. A Anglo-Saxon, e kan karye ta zama eo idan r da wani baƙi suka biyo ta, shi ya ba da steorfan, da heorte, da steorra. A Middle English eo ta koma e: sterven, herte, sterre. Daga ƙarshen zamanin, musamman ƙarni na 15, er ta buɗe ta zama ar: starve, star, far, dark. Heart ta riƙe haruffan biyu duka. Clerk da Derby sun riƙe tsohon rubutu, amma Bature ɗan Ingila da a yake furta su. Dokar ba ta kama kowa ba, swerve ta tsira da e ɗinta, amma ta kama kalmomi da yawan da zai sa ka amince da ita.

In ka ƙara zurfi, ƙamus zai ba ka wata siffa mai alamar tauraro a gabanta. Tauraron na nufin ba a taɓa samun kalmar a rubuce ba, masana ne suka gina ta daga kwatanta 'ya'yanta. Ana mai da ita ga wata tsohuwar saiwa mai ma'anar sandarewa, wadda ake danganta stark da starch da stare da ita. Tsohon harshen Sikandinebiya na da stjarfi, ciwon da ke sandarar da jiki. Idan haka ne, mutuwa ma ba ita ce farkon zancen ba, an fara ne da ya sandare, a matsayin sakaya. Wannan bayanin yana da ƙarfi, amma darajarsa ba ta kai ta jimlar da ka gani da idonka a kundi ba, kuma in za ka rubuta shi ka nuna bambancin. Star kuwa, duk da kamar da suka yi, saiwarta dabam.

Mataki na takwas: bi shi ya fita daga zamanin

Kada ka tsaya a 1500, domin sauran labarin na haska abin da ya gabata. Abu uku suka faru da shi. Ya bar ajin ƙarfafa, starf da storven suka ba starved wuri. Ya koyi ɗaukar karɓau, ana iya cewa sarki ya starve gari, wato ya kashe shi da yunwa ta hanyar ƙawanya, alhali steorfan ƙi-karɓau ne. Sannan ya yi laushi har yaro da ya makara cin abincin rana zai ce yana starving.

Reshen sanyi bai mutu da wuri ba. A karin harshen arewacin Ingila, wajen Yorkshire da Lancashire, starved ta daɗe tana nufin sanyi ya kama mutum. Ƙamus ɗin karin harsuna na Joseph Wright, da ya fito tsakanin 1898 da 1905, shi ne wurin neman irin wannan. Yawanci abin da birni ya yar, ƙauye na riƙe da shi, don haka kada ka rufe bincike ba ka leƙa can ba.

Sunan starvation kuwa ɗan baya-bayan nan ne, kuma haɗin gambiza ne: saiwar Jamusawa da ɗafa-ƙeyar Latin. Ana danganta yaɗuwarsa da Henry Dundas, ɗan majalisa daga Sikotlan, a muhawarar 1775 kan takura wa yankunan Amurka da ke neman ɓallewa, har sunan ya bi shi a matsayin laƙabi.

Idan aikatau ɗinka ba na gida ba ne

Mataki na uku da na bakwai sun dogara ne a kan kalmar ta kasance gadon Jamusawa. Aikatau da yawa sun shigo daga Faransanci bayan 1066, kuma kusan dukansu raunana ne, ba za ka same su a Bosworth ba. Alamarsu ke nan: babu su kafin ƙarni na 12, babu danginsu a Jamusanci ko harshen Holan, amma ga su a Faransanci. Irin waɗannan sai ka nufi Anglo-Norman Dictionary, ƙamus ɗin Faransancin da aka yi a Ingila, wanda shi ma kyauta ne a intanet. Gwada da travailen. A rubutun ƙarni na 13 da na 14 za ka same shi da ma'anar wahala, aikin ƙarfi, har da naƙuda, kuma za ka same shi da ma'anar tafiya. Turancin yau ya raba su gida biyu, travail da travel. Ja layukanka uku, amma a na ukun rubuta irin wahalar da ake sha, ka nemo jimla ta farko da mutum ya yi travailen zuwa wani gari ba tare da an ambaci gajiyarsa ba.